GYARAN GIDA KAFIN DAMINA: ABIN DA MAIGIDA ZAI IYA YI DA HANNUNSA

Kowace shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, akan ga magidanta bisa rufi suna ta buge-buge cikin gaggawa, mata kuma suna jera robobi da tukwane a tsakar ɗaki don tarar ɗigo. Wannan gyara ne na bayan lokaci. A sa'an nan kafinta ya yi wuyar samu, birkila ya ƙara kuɗin aikinsa, kwano kuma ya jiƙe yana santsi. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a tsakiyar damina, musamman cikin watan Agusta, ba a rasa jin labarin ɗakin da ya rufta wa iyali da dare suna barci. In aka bi diddigin irin wannan hasara, galibi akan tarar ta faro ne daga ƙusa guda da ta saki, ko indararo da ya toshe, ko 'yar tsaga da aka daɗe ana gani ana wucewa.

Yawancin waɗannan ƙananan ɓarna maigida yana iya gyara su da kansa, shi da 'ya'yansa, in ya san yadda ake yi, ya kuma fara da wuri. Lokacin farawa ya danganta ga inda mutum yake zaune. A Ikko da Ibadan da Fatakwal ruwa yakan sauka tun cikin Maris ko Afrilu. A Abuja da Jos da Kaduna sai wajen Afrilu zuwa Mayu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa sai Mayu ko Yuni. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a gidajen rediyo. Ya kamata maigida ya ƙidaya wata guda cif kafin lokacin da aka ambata wa yankinsa, ya ɗauke shi watan gyara.

Yawan ruwan da rufi ke ɗauka

Mutane da yawa ba su san nauyin aikin da rufi ke yi ba. Ruwan sama na milimita ɗaya, in ya sauka a fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita guda ke nan. To, a ɗauki gida mai rufin mita 10 a tsawo da mita 10 a faɗi. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a dare ɗaya, lita 3,000 ta sauka a kansa, watau cikin duro goma sha biyar irin mai lita 200. Duk wannan ruwa dole ya sami hanyar fita. In ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa, hanyar da zai zaɓa kuwa ita ce ta cikin katako da bango da harsashin gini. Saboda haka duban gida kafin damina bin sawun ruwa ne: daga inda yake sauka, zuwa inda yake gangarawa, zuwa inda yake barin gidan.

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa. Guduma mai cire ƙusa, da zarto, da almakashin yanka kwano, da cokalin gini, da shebur, da kwanon sarki, da tef ɗin awo, da burushin waya na kankare tsatsa, sai tsani mai ƙwari. Abin da babu a gida ana iya arowa wurin maƙwabci, a mayar masa a wanke.

Hawa rufi

Kafin a yi maganar gyara sai an yi maganar hawa, domin karayar ƙashin baya ta fi yoyon ɗaki tsada nesa ba kusa ba. A kafa tsani a ƙasa mai tauri, a nisanta gindinsa daga bango da mita ɗaya ga kowane mita huɗu na tsayi, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita guda don a sami abin riƙewa wajen sauka. Lalle ne wani babba ya riƙe gindin. Kafin a ɗaga tsani ko fallen kwano, a ɗaga kai a dubi wayar lantarki, don a unguwanni da yawa waya tana ratsawa dab da rufin gidaje.

Kada a hau da sassafe raɓa ba ta bushe ba, kada kuma a hau da tsakar rana kwano ya ɗauki zafi. Hantsi ko bayan la'asar ya fi. A tuɓe babbar riga. A kan rufi kuwa, sai a taka inda layin ƙusoshi yake kawai, domin nan ne katako yake a ƙarƙashi. Wanda ya shimfiɗa falankin katako ya taka a kansa ya fi kowa dabara.

Akwai rufi iri ɗaya da ba a so maigida ya taɓa ko kaɗan, shi ne na asbesto, mai kama da siminti, launin toka, wanda aka yi amfani da shi ƙwarai a gidajen ma'aikata da makarantu tun daga wajen 1960 har zuwa bayan 1980, a rufi da silin. In ya tsufa yakan fashe ƙarƙashin ƙafa ba tare da wata alama ba. Bugu da ƙari, ƙurar da ke tashi in an yanka shi ko an huda shi tana jawo ciwon daji da wasu cututtukan huhu, waɗanda ba sa bayyana sai bayan shekara ashirin ko fiye. Kada a kankare shi, kada a sa masa zarto, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Rufin kwano

Hanya mafi sauƙi ta gano huda ita ce a shiga ɗaki da rana tsaka a rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa zai ɓullo. Sai a zura tsinken tsintsiya ta hudar, don in an hau sama a gan shi tsaye. Ɗakin da ke da silin ya fi wuyar sha'ani, domin tabon da ake gani a silin ba lalle ne yana daidai ƙarƙashin hudar ba. Ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. A nan sai mutum ɗaya ya leƙa ta ƙofar silin da tocila, ɗaya kuma yana sama yana zuba ruwa da buta, ya fara daga ƙasa yana yin sama sannu a hankali har a ga inda ya shigo.

Kwanon rufi yana da tudu yana da kwari. Ruwa a kwari yake gudu, don haka a kan tudu ake buga ƙusa. Duk ƙusar da aka gani a kwari kuskure ce tun daga ranar da aka buga ta. Ƙusar da ta saki kuma, yawanci mutane sukan ƙara mata guduma su sauka, bayan iska biyu ta sake tasowa, saboda ramin da ke cikin katakon ya riga ya buɗe. Abin yi shi ne a sa guntun katako ƙarƙashin kan guduma don kada kwanon ya lotsa, a zare ta, a sa sabuwa wadda ta fi ta tsawo, mai hula da roba. In ita ma ta shige ba tare da ta kama ba, to katakon ne ya ruɓe ko gara ta cinye shi, sai an ɗaga fallen an canja shi.

Ƙaramar huda ana toshe ta da kwalta, ko da tef mai kwalta wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini. Sharaɗin dai shi ne a kankare tsatsa da burushin waya, a goge ƙura, wurin ya bushe sarai. Kwaltar da aka shafa bisa tsatsa ba ta kai ƙarshen damina. Idan hudar ta kai faɗin tafin hannu, sai a yanko guntun kwano mai irin tudu da kwarin na rufin, a cusa kansa ƙarƙashin fallen da ke sama, jikinsa ya rufe hudar, a buga shi a kan tudu. Wannan ita ce ƙa'idar rufi duka: na sama ya hau kan na ƙasa. Inda falle biyu suka haɗu a tsaye, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15, a gefe kuma su hau juna da tudu ɗaya da rabi.

Kwanon da aka saba da shi ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, tutiyar ce ke kare shi daga tsatsa. A garuruwan bakin teku iska mai gishiri tana cin wannan lulluɓi da sauri, shi ya sa kwanon da zai daɗe a Katsina ba ya daɗewa haka a Ikko. Wanda rufinsa na alminiyum ne kuma kada ya buga masa ƙusar baƙin ƙarfe, don in ƙarfen biyu suka haɗu da danshi alminiyum ɗin yakan cinye a kewayen ƙusar.

Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi bisa rufi don gudun iska al'ada ce da ta bazu, amma ba ta da kyau. Dutse yana tare ganye da ƙasa, danshi ya zauna, kwano ya ruɓe a ƙarƙashinsa. Taya kuma tana tara ruwa, sauro ya hayayyafa a ciki. In iska mai ƙarfi ta zo, da rufin da duwatsun take kwashewa, ta zubar a gidan maƙwabta. Abin da ke riƙe rufi shi ne ɗaurin da aka yi wa katakonsa da jikin bango, da langa-langa ko siririn rodi. A duba wannan ɗauri a kowace kusurwa, in ya tsinke ko ya yi tsatsa a sabunta shi.

Soro da katangar ƙasa

Ginin ƙasa yana iya shekara ɗari in ana kula da kansa da ƙafarsa. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne ga abin da ƙasa da azara za su iya. Amma magabata ba su taɓa barin shekara ta juyo ba tare da yaɓe ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara, duka don hana ruwa shiga.

A rufin soro, farkon abin dubawa indararo ne. A zare ciyawa da sheƙar tsuntsu da ledar da iska ta kawo, a tabbata bakinsa ya miƙa nesa da bango, gindinsa kuma ba ya yoyo ta gefe. Daga nan a zuba ruwa bokiti ɗaya a tsakiyar rufin a ga inda ya nufa. Duk inda ya kwanta, nan ne za a cike a daɓe. Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi: kowace shekara a ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa, ba a kankare komai ba. Bayan shekara goma rufin ya yi kauri, in ya sha ruwa nauyinsa ya fi ƙarfin azara. Ya kamata a kwashe wadda ta mutu kafin a sa sabuwa.

Daga cikin ɗaki kuma a dubi azara ɗaya bayan ɗaya, a ƙwanƙwasa, a soka mata tsinin wuƙa musamman inda ta shiga bango. Idan azara ta lanƙwasa, ko ƙasa tana zubowa daga sama ba dalili, ko ana jin ƙara da dare, to wannan ya wuce gyaran maigida. A fitar da iyali daga ɗakin a ranar, a tokare da itace mai ƙarfi, a kira magini. Kwana a rumfa ko a zaure na mako guda ba abin kunya ba ne.

Wajen yaɓe, ƙasa da ƙasa ake gyarawa. A jiƙa ta kwana biyu ko uku, a tattake da ciyawa ko ƙaiƙayi, a kankare bangon, a yayyafa masa ruwa, sa'an nan a yaɓa kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya sha iska kafin a ƙara wani. Mutane da yawa yanzu sun fi son shafa siminti a kan katangar ƙasa, suna ganin an huta ke nan. Ba a huta ba. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Ba da jimawa ba shafen zai tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasa ta yi ta narkewa a ɓoye alhali daga waje bango yana nan sumul. Mai irin wannan katanga ya riƙa ƙwanƙwasa ta da ƙotar guduma. Inda ya ji amo kamar na ganga, shafen ya rabu da bango, gara a fasa wurin a gyara tun bai faɗo kan yaro ba.

Tsaga a bangon bulo

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa kuwa ko tsagar da ƙadangare ya raina ta ishe shi. Amma tsaga iri-iri ce. Akwai siririya kamar gashi, mai rassa kamar saƙar gizo, wadda ba ta wuce filasta ba. Wannan ba ta da haɗari, maigida yana iya gyara ta. Akwai kuma wadda take hawa a karkace kamar matakala tana bin layin bulo, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ake ganinta ciki da waje, sau da yawa tare da ƙofa ko taga da ta fara ƙin rufuwa. Wannan tana nuna harsashin ginin ne ke motsi. An fi ganin haka a wuraren da aka cike fadama aka yi gini, da kuma yankunan baƙar laka irin na wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, inda ƙasa ke kumbura da damina ta tsuke da rani.

Gwajin yana da sauƙi. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe. A dawo bayan mako biyu, a sake dawowa bayan wata guda. Idan ta zarce layin, ko faɗinta ya kai rabin santimita, kada a ɓata siminti wajen rufe ta. Injiniyan gini ake nema, domin toshe irin wannan tsaga ɓoye ciwo ne.

Wadda ta tsaya wuri ɗaya kuwa, a buɗa bakinta kaɗan da kurfi don kwaɓi ya sami wurin zama, a share ƙura, a jiƙa wurin sosai, sa'an nan a cusa kwaɓi a shafe.

Kwaɓin siminti

A nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa, ko da sun yi komai daidai. Buhun siminti kilo 50 ne, kimanin cikin kwanon sarki biyu. Lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, ƙarfinsa take nunawa, ta farkon ta isa aikin shafe. A zura hannu a ji: in akwai dunƙulen da ba ya murƙushewa da yatsa, simintin ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu. Wanda ya wuce wata uku a ajiye ma abin tuhuma ne. A ajiye buhu bisa katako, nesa da bango.

Yashi ma sai an gwada. A zuba shi cikin kwalba zuwa sulusinta, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. Idan kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, sai an wanke shi ko a nemi wani. Yashin bakin teku kuma yana da gishiri, yana sa rodi tsatsa, yana sa bango fitar da farin gari.

Don gyaran bangon waje, awo ɗaya na siminti da awo huɗu na yashi ya yi. A cikin ɗaki ana iya kai wa biyar ko shida. Da kwano ɗaya za a auna duka biyun, kada a yi awo da shebur. A gauraya su a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sa'an nan a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwa mai yawa yana sa aiki sauƙi a hannu, amma yana raunana shi. A kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin rabin awa kawai, wanda ya fara daskarewa kuma a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Kaurin shafe ɗaya kada ya wuce santimita ɗaya da rabi. Siminti yana cin fata, saboda haka a sa safar hannu ta roba, in ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda aka fi mantawa. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma wannan haɗuwa tana ci gaba kwana da kwanaki, ba ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi sai bayan kwana 28. In rana ko iskar hunturu ta shanye ruwan tun a kwanan farko, aikin zai yi fari, ya yi gari, ya tsage. Don haka a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, in da hali a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Wannan aiki ne da za a iya danƙa wa yaro mai hankali.

Gindin bango da hanyar ruwa

Ruwan da ya sauko daga rufi bai gama ɓarna ba sai ya bar gidan. A zaga bayan ɗakuna a duba: ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, ko kuwa ta gangaro wajensa? Inda ɗigon rufi ya haƙa rami a gindin bango, a cike da tsakuwa ko a yi ɗan dakali mai gangare. A kwashe tarin yashi da itace da shara da aka jingina da bango, don suna riƙe danshi suna kuma kiran gara. Lambatun ƙofar gida a yashe shi tun da rani, a kuma kwashe abin da aka yaso, domin in an bar shi a baki ruwan farko zai mayar da shi. Wannan aiki ya fi kyau a yi shi gayya, tun da lambatun da aka yashe a ƙofar gida ɗaya ba ya gudu in na gaba a toshe yake.

Bangon da ya jiƙe kusa da soket ko makunnin fitila abin tsoro ne. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kisa. Idan bango ko ƙofar ƙarfe ta fara jan mutum, a kashe wuta daga babban makashi, a kashe janareta da na'urar sola in akwai, a kira mai gyaran wuta wanda ya koyi aikin. Ɗauke wuta da aka yi a unguwa ba dalilin taɓa waya ba ne, ana iya dawo da ita kowane lokaci.

Mazauna gidajen haya, kamar yawancin 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke Sabo ta Ibadan ko Agege, su sanar da mai gida ko wakilinsa duk ɓarnar da suka gani tun kafin ruwa ya sauka. In an yarda ɗan haya ya yi gyaran a cire daga kuɗin haya, a yi maganar gaban shaida ko a rubuce, a kuma adana rasiɗin kwano da siminti da ƙusa har ranar biya.